Lamirin Juri da Harafin Doka: Nazari a Kan Wani Fage na Falsafar Shari'a

Gabatarwa

A Ingila da Amurka, idan laifi ya yi girma, juri ne ke tantance ko wanda ake tuhuma ya aikata. Mutum 12 ne da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, su saurari shaidu, su keɓe su yi shawara, sannan su fito su ce da laifi ko babu laifi. Ba a tambayarsu dalili, ba a hukunta su saboda abin da suka yanke, kuma a ƙa'ida wanda suka wanke ya wanku. Waɗannan sharuɗɗa uku sun ba juri damar sallamar mutum ko da sun tabbata ya karya doka, in sun ga dokar zalunci ce, ko hukuncinta ya fi ƙarfin laifin. Akwai malaman jami'a da suka ƙarar da shekarun aikinsu a kan wannan mas'ala. Maƙalar nan za ta bi sawun bincikensu, ta kuma kafa hujja cewa ikon ya cancanci a kare shi a fili, muddin ƙofar zama juri a buɗe take ga kowa.

Tushen Al'amarin

A shekarar 1670 aka gurfanar da William Penn da William Mead a kotun Old Bailey ta Landan saboda wa'azi a bakin titi. Juri suka ƙi kama su da laifin da alƙali yake so. Aka kulle su ba ci ba sha, aka ci su tara, suka kafe. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushell, ya ƙi biya, ya kai maganar gaba, inda Babban Alƙali John Vaughan ya yanke cewa ba a hukunta juri a kan abin da suka yanke. A ƙarni na 18 kuma, lokacin da wasu nau'o'in sata da suka kai sule 40 ke jawo rataya, juri sun sha rage ƙimar kayan zuwa sule 39 don su ceci rai. A New York, a 1735, juri ya wanke mawallafi John Peter Zenger da ya soki Gwamna William Cosby. Bayan dokar kamo bayin da suka gudu ta 1850, juri a arewacin Amurka sun riƙa ƙin hukunta waɗanda suka taimaki bayi tserewa.

Duk da wannan tarihi, kotuna sun ɗauki matsayi mai ɗaure kai. A shari'ar Sparf ta 1895, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wajibin juri ne su karɓi doka daga bakin alƙali. A shari'ar Dougherty ta 1972, ta masu adawa da yaƙin Biyetnam, kotun ɗaukaka ƙara ta amince cewa juri na da ikon bijirewa, amma ta ƙi yarda a sanar da su. Ikon yana nan, faɗarsa ce aka hana.

Aikin Malamai

Wanda ya zaɓi wannan fage yana fara karo da bangon ɗakin juri. A tsakiyar shekarun 1950, masu bincike na Jami'ar Chicago sun naɗi muryoyin juri a garin Wichita, abin ya tayar da ƙura har majalisa ta haramta yin haka. Dokar Ingila ma ta hana a tambayi juri abin da suka tattauna. Sai Harry Kalven da Hans Zeisel suka bi ta wata hanya: suka tambayi alƙalai abin da su za su yanke a shari'u 3,576. Littafinsu na 1966 ya nuna alƙali da juri sun dace a kimanin kashi 78 cikin 100, kuma inda suka saɓa, juri ne ya fi sassauci. Wannan ya raunana zargin cewa juri taron son zuciya ne.

A 1973 wasu 'yan'uwa biyu, Mortimer Kadish masanin falsafa da Sanford Kadish masanin shari'a, suka fitar da littafin Discretion to Disobey. Ra'ayinsu shi ne, tsarin shari'a da kansa yana kafa wasu muƙamai da ke halatta wa mai riƙe da su ya kauce wa umarni idan binsa zai rusa manufar muƙamin. A wannan fahimta, juri mai bijirewa yana cikin da'irar doka. Paul Butler, wanda ya yi aikin gabatar da ƙara kafin ya koma koyarwa, ya girgiza fagen a 1995 da maƙalarsa a mujallar shari'a ta Yale, inda ya kira baƙaƙen fata da ke zama juri su riƙa sallamar 'yan'uwansu a laifuffukan da ba a cutar da kowa ba, kamar mallakar ƙwaya. Shi kuwa Michael Huemer na Jami'ar Colorado ya kai maganar ƙarshenta: mutum ba ya kuɓuta daga alhakin zalunci don ya aikata shi da sunan doka, saboda haka bijirewa wajibi ce a irin wannan hali.

Hujjar Masu Adawa

Masu adawa suna da hujja mai nauyi. Majalisar da jama'a suka zaɓa ce ke yin doka, to da wane dalili mutum 12 da ba wanda ya zaɓe su za su jingine ta? Sannan mutum biyu masu laifi iri ɗaya za su iya rabuwa, ɗaya gida ɗaya kurkuku, gwargwadon jurin da kowa ya samu. Misalin da ya fi ciwo shi ne na Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955. Juri na farare zalla ya wanke Roy Bryant da J. W. Milam cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, su kuma suka amsa kisan a mujallar Look a shekarar da ta biyo baya. Malamin da ya ɗaukaka Bushell ya rufe ido ga Till ya ci amanar ilimi.

Matsayin Wannan Maƙala

Sai dai a lura da yadda aka haɗa wancan juri. Baƙaƙen fata ne suka fi yawa a gundumar Tallahatchie, amma ba ko ɗaya a rajistar masu zaɓe, don haka ba wanda ya isa zama juri. Lamirin ɓangare ɗaya aka ji, aka danne na sauran al'umma. Shi ya sa gyaran da ya yi tasiri ya zo ta wannan fuska: dokar zaɓen juri ta 1968, da hukuncin Batson na 1986 da ya haramta cire mutum daga juri saboda launin fata.

Ɓoyewar da kotuna ke yi wa juri kuwa ba ta kashe ikon bijirewa. Tana bar wa masu ilimi da masu taurin kai ne, shi kuma mai biyayya ya hukunta mutum zuciyarsa na ƙi. A 1985 juri a Ingila ya wanke Clive Ponting, ma'aikacin gwamnati da ya miƙa wa ɗan majalisa takardun nutsar da jirgin yaƙi na Belgrano, duk da alƙali ya ce dokar ba ta ba shi mafita ba. A 2024 Babbar Kotun Ingila ta ƙi amincewa a tuhumi Trudi Warner, wadda ta ɗaga kwali a ƙofar kotu tana tunatar da juri wannan iko. Abin da aka halatta wa mai kwali ya faɗa a titi, bai dace alƙali ya ɓoye shi a zauren kotu ba.

Kammalawa

Kotunan Najeriya ba sa aiki da juri a yau, amma tambayar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanci fiƙihu, ya san ƙa'idar kawar da haddi saboda shubuha, da yadda Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Bambancin shi ne, can shugaba ko alƙali ne ke sassautawa bisa ƙa'ida bayyananna, nan kuwa talakawa ne ke yi ba tare da bayani ba. Kwatanta hanyoyin biyu aiki ne da ke jiran ɗalibanmu na shari'a da falsafa. Duk wanda zai ɗauke shi, ya ajiye shari'ar Bushell da ta Till a gabansa tare, domin da su biyun ake auna kowace hujja a wannan fage.