Tallafin Karatun Digirin Farko na Gidauniyar Mastercard

A shekarar 2012 ne Gidauniyar Mastercard da ke Kanada ta ƙaddamar da shirin ɗaukar nauyin karatun haziƙan matasan Afirka masu ƙaramin ƙarfi. Tallafin ya ƙunshi kuɗin makaranta, masauki, littattafai da alawus. Jami'o'in da ke cikin shirin sun haɗa da Ashesi da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, dukansu a Gana, inda ake koyar da ilimin kwamfuta da injiniyanci. Akan fifita ɗalibin da ya ƙudurci warware matsalolin al'ummarsa da iliminsa.

Muna tunatar da iyaye da ɗalibai cewa a jami'a ake neman wannan tallafi kai tsaye. Don haka a guji 'yan damfara masu karɓar kuɗi da sunan samar da gurbi.