Makonnin Ƙarshe Na Kurtu: Daga Barikin Zariya Zuwa Dajin Bama



Duk wanda ya taɓa zama a Zariya ya san barikin da ake horar da kuratan soja, wanda mutanen gari ke kira Defo. Turawa suka kafa shi a 1924, kuma har gobe nan ake kai samarin da aka ɗauka aikin sojan ƙasa su yi kimanin wata shida kafin a yaye su. Sunan barikin a hukumance shi ne Chindit. Da yawanmu mun sha wucewa ta ƙofarsa ba mu taɓa tambayar ma'anar wannan kalma ba. Daga ƙasar Burma ta fito, wadda tsofaffinmu ke kira Bama (ba Bama ta Borno ba), ita ce Myanmar ta yanzu. Asalinta sunan wani gunki ne mai siffar zaki da ake girkewa a ƙofar wuraren ibadarsu. Yadda aka yi sunan ya iso Zariya labari ne na kakanninmu, kuma ya faro ne daga makonnin ƙarshe na horonsu.

Tun asali Hausa ce harshen bariki. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara 'yan tsirarun mutane a Legas, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga baya Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, aka haɗe irin waɗannan ƙananan rundunoni a cikinta. Baturen da aka turo ya jagorance su sai ya koyi Hausa, haka ma Babarbare ko Bazabarme ko ɗan Tibi da ya shiga soja, har aka samu wata Hausa ta daban da ake kira Barikanci. Ta wannan ƙofa kalmomi irin su kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa da fareti suka shigo bakinmu.

A wancan zamani kurtu yakan shafe watannin farko yana koyon fareti, da jar dara da gajeren wandon kaki, ƙafarsa babu takalmi. Makonnin ƙarshe su ne na tankaɗe da rairaya. A nan ake kai shi fagen harbi a ƙirga abin da ya samu da abin da ya kuskure, a koya masa suka da wuƙar bindiga, a ɗora masa kaya ya yi doguwar tafiya a ƙasa, ya haƙa ramin fakewa, ya kwana gadi. Manufar ita ce hannunsa ya saba har ya iya ɗura harsashi cikin duhu, ko da tsoro ya ɗauke masa tunani. In ya haye sai a yi faretin yaye, a tura shi bataliya. Galibin aikin da ke jiransa zaman bariki ne da sintiri a ƙasar da ya sani, don haka horon yakan wadatar.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya wannan lissafi. Sojojin Nijeriya sun fara gwabzawa da Italiya a gabashin Afirka a 1940 da 1941. Da Japan ta ƙwace Bama a 1942, sai Ingila ta yanke shawarar kafa manyan rundunoni biyu na 'yan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, a 1943, don tura su can. Ɗaya daga cikin hujjojin Turawa shi ne wai baƙar fata ya saba da ƙurmi, zazzaɓin cizon sauro ba ya ka da shi, kuma ya iya ɗaukar kaya a ka. Sun manta, ko ba su damu ba, cewa da yawa daga cikin waɗannan samari 'yan Arewa ne. Yaron da ya tashi a ƙasar Katsina ko Sakkwato, inda ake hango mutum tun daga nesa tsakanin gawo da kuka, bai fi Baturen sanin ƙurmi ba.

Saboda haka makonnin ƙarshe na kuratan 1943 suka zama wani abu daban. An kwashe su a jirgin ruwa, tafiyar makonni, zuwa Bombay ta Indiya, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. A can aka sake sabon karatu. Sai sun koyi tafiya ɗaya bayan ɗaya cikin dajin da ba a ganin abin da ya wuce 'yan taku kaɗan, babu magana babu tari. Sai sun koyi sare gora da adda su yi gada ko bukka, su ƙetare kogi da kaya, su tsinci abincin da jirgin sama ya jeho da lema, su haɗiyi ƙwayar zazzaɓi kullum a gaban saje, su kuma saba da takalmin da ke cin ƙafa. Akwai dubbai da horonsu na dako ne: sojoji ne, amma aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, a inda mota ba ta shiga.

Sannan ga matsalar harshe. Rundunar ta kumbura cikin gaggawa, aka kawo sababbin hafsoshi da ba su jin Hausa, har da 'yan ƙasar Poland, aka shiga koya wa sojoji Turanci a guje. Babu ɗan Nijeriya ko ɗaya mai muƙamin hafsa a lokacin. Ke nan a daidai sa'ar da kurtu ya fi bukatar fahimtar umarni, shi da mai ba da umarnin da ƙyar suke jin juna. Samanja da saje su ne suka tsaya tsakani, suna fassara, suna tsawa, suna rarrashi.

Jarrabawa ta zo a farkon 1944. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kogin Kaladan bayan ta sare hanyar mota ta sama da mil 70 cikin duwatsu da daji, abincinta kusan duka daga sama ake jeho shi. Bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su aka haɗa da dakarun Janar Wingate, waɗanda ake kira Chindit, aka sauke su da jirgin sama a bayan layin Japanawa. Ga inda barikin Zariya ya samo suna. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama garin Myohaung. Barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Arakan da Dodan a Legas, duk sunayen wurare ne na wancan yaƙi.

To, ina ruwan marubuci? Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya je Bama, ya fitar da littafin Burma Boy a 2007, tauraronsa yaro ne mai suna Ali Banana, amma da Turanci ya rubuta. Isaac Fadoyebo ya rubuta tarihin yadda aka harbe shi a Kaladan, wasu Musulmin ƙauye suka ɓoye shi watanni, shi ma da Turanci. A Hausa muna da waƙar Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur, wadda ta tarbi masu dawowa. Amma a zube, mu dai a ɗan karatunmu, ba mu cika cin karo da kurtun da ke shirin tafiya ba, alhali da Hausa ya yi fargabarsa, da Hausa aka yi masa tsawa.

Kuma makonnin ƙarshen nan su ne suka fi dacewa da alƙalami. Mutum ne da ya bar gona bai gama zama soja ba, ya san jirgi na jiransa, bai san ina za a kai shi ba. Me zai ce a wasiƙar da wani zai rubuta masa zuwa ga mahaifiyarsa? Yaya zai ji in abokin da suka taho tare ya faɗi gwajin harbi aka mayar da shi ɗan dako?

Lokaci ba ya jiranmu. Wanda ke da shekara 18 a 1943 ya haura ɗari yanzu. Abin da ya rage shi ne 'ya'ya da jikoki, da lambar yabo a ƙasan adaka, da takardar sallama da gara ke ci. Mu je mu same su. Mu tambayi ƙananan abubuwa: wa ya raka shi tasha, me ya ce game da teku, wane abinci ne ya ƙi ci har ya rasu. Mu rubuta abin da aka faɗa mana yadda aka faɗa, mu ware shi daga abin da muka ƙirƙira. Kada kuma mu manta ƙannenmu da ke Defo a yau, waɗanda bayan faretin yaye wasunsu Sambisa ko dazukan Zamfara za a tura su.

Wanda ke da tsohon soja a danginsa, ya fara da gidansu cikin makon nan. Allah Ya jiƙan mazan jiya.