Masu tattara ilimin Hausa, daga zamanin Dorugu zuwa zamanin na'ura

A shekarar 1855 wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu ya sauka Landan tare da Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da ya ratsa ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance a Nijar ta yau, aka kama shi bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Barth har Tambutu. A Ingila ya zauna wurin wani ɗan mishan, James Frederick Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Bakin yaron nan ne babbar madogarar nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Schön bai ɓoye sunan Dorugu ba, amma littattafan nasa ne, kuma shi aka ba lambar yabo a Faransa da digirin girmamawa a Oxford. Dorugu ya komo gida, ya yi koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Bayan Turawa sun ci ƙasar, tattara maganar Hausawa ya zama sana'a. Frank Edgar ya buga kundi uku na tatsuniyoyi da labarai a Belfast tsakanin 1911 da 1913, alhali malamai ne suka rubuta yawancinsu da ajami, shi kuma ya mayar da su boko. Sunansa ne a bango. Tsofaffin da suka yi ta ba jikoki tatsuniyoyin nan da dare kuwa, babu mai iya lissafa su yau. R. S. Rattray ya fi kyautatawa a 1913, don ya ambaci Malam Shaihu, wanda ya rubuta masa littafin a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ya kuma buga ajaminsa yadda yake. Wani Bature kuwa mai suna Tremearne, Tunis da Tarabulus ya je ya zauna da Hausawa 'yan bori, ya fitar da littafi a 1914 cike da abubuwan da ba a faɗa wa wanda bai yi girka ba. A ganina darasin wannan tarihi guda ne: duk lokacin da ilimi ya tashi daga bakin mai shi zuwa hannun mai tattarawa, abin da ke fara faɗuwa a hanya shi ne sunan wanda ya bayar da sharaɗin da ya gindaya.

Waɗannan abubuwa biyu kuwa su ne ginshiƙin ilimi a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Bature. Almajirin zaure ba ya cewa ya san littafi sai ya faɗi wurin wanda ya karanta shi, kuma ijaza ba komai ba ce illa jerin sunayen malamai, wannan daga wancan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya keɓe don ambaton malaman da ya yi karatu a wurinsu. Haka abin yake a sana'o'in gado. Maɗori da wanzami da maƙeri da Sarkin Ruwa ba su ba da laƙani sai da izini, kuma izinin yana tafe da sharuɗɗa: wanda za a yi wa, lokacin da za a yi, da abin da mai yi zai ƙaurace wa. Wasu na ɗaukar wannan rowa ce kawai. Akwai rowar a wasu wurare, amma sharaɗin shi ke hana ɗan koyo ɗora ƙashi a karkace ko ba mai ciki saiwar da za ta cuce ta, kuma sunan shi ke nuna wanda za a tuhuma idan abu ya ɓaci.

Ƙirƙirarriyar basira sabuwar mai tattarawa ce, kuma yadda aka gina ta ya sa ta fi Edgar saurin zubar da suna. Ana ɗura mata rubutu da murya masu ɗimbin yawa, ta koyi yadda kalmomi ke bin juna, sa'an nan ta amsa tambaya da abin da ta cakuɗa daga wurare barkatai. Littafin Edgar ko ba komai ana iya buɗe shi a nuna shafi. Na'urar kuwa tana iya haɗa maganar mai maganin gargajiya na Argungu da ta wani na Damagaram da wadda ta ƙaga da kanta, ta faɗe su da murya ɗaya, babu silsila, babu izini.

Mai musu zai ce ba don su Schön da Edgar ba da tuni mun rasa wannan dukiya. Gaskiya ne, kuma duk mai nazarin Hausa yana cin moriyarsu. Sai dai Rattray ya nuna tun a 1913 cewa ana iya adanawa a kuma ambaci mai abu, don haka zubar da suna zaɓi ne aka yi, ba dole ba ce. Wani zai ce tatsuniya ba ta da mai ita. Na yarda da wannan a kan Gizo da Ƙoƙi da karin magana, don abin da aka saba faɗa a dandali ba ya cutuwa idan ya shiga kwamfuta, har ma ina son ya shiga da yawa. Kuskuren shi ne a auna laƙanin maɗori da kirarin gidan sarauta da asirin 'yan bori da ma'aunin tatsuniya, a ce duk gadon kowa ne.

Musun da ya fi nauyi shi ne cewa neman izini zai jinkirta aiki, harshe ya tsaya baya sauran su wuce. Mutanen Maori na ƙasar Niyu Zilan sun amsa wannan a aikace. A 2018 gidan rediyonsu na Te Hiku da ke Kaitaia ya tara sama da awa 300 na muryoyin mutanensu cikin kwana 10, ya gina manhajar da ke mayar da magana rubutu, ya kuma ƙi sayar da muryoyin. Ya rubuta lasisin da ya ce shi mai riƙon amana ne kawai, kuma duk amfanin da za a yi da su sai ya koma ga masu harshen. Mutane sun ba da muryarsu da sauri ne saboda sun san hannun da za ta shiga.

Irin wannan amana tana nan jibge a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, da cibiyoyin bincike na Yamai, da tsofaffin faya-fayan gidajen rediyo. Kafin a ɗura su cikin kowace na'ura, ya kamata kowane faifai da kowace takarda su tafi da sunan mai magana da garinsa da malaminsa, a nemi zuriyarsa inda ake iya samun su, a kuma ware abin da masu shi suka ce ba ya fita daga gida, a bar shi a ma'ajiya ƙarƙashin izininsu.