Man sanyaya furosesa: yadda ake zaɓensa da shafa shi a zafin Zamfara

A watannin Maris da Afrilu zafi a Gusau kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci ya zarce. A lokacin ne kwamfutocin tafi-da-gidanka ke fara nawa: fanka ta yi ta ƙugi, bidiyon da ake tacewa ya tsaya cak, wata ma ta mutu ana tsakiyar aiki. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke rubuta kundin kammala karatu, da matashin ɗan jarida mai gaggawar tura rahoto, sukan ɗauka na'urar ce ta tsufa. Sau da yawa laifin na wani ɗan mai ne da bai kai giram ɗaya ba, wanda ya bushe a cikinta.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana fitar da zafi muddin tana aiki. A kanta ake ɗaure farantin jan ƙarfe da ke janye zafin zuwa fanka. Da ido fuskokin biyu sumul suke, amma akwai ƙananan ramuka a tsakaninsu da iska ke maƙalewa, ita kuwa iska ba ta iya isar da zafi. A ma'aunin W/mK da ake auna wannan ƙarfi da shi, iska na da kusan 0.026, jan ƙarfe kusan 400. Aikin man shi ne ya kori iskar ya cike ramukan. Galibinsa man silikon ne da aka cakuɗa da garin ƙarfe ko na tangaram. Idan ya bushe ya tsattsage, furosesa kan doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Nawar da ake gani ke nan.

Yawancin kwamfutocin da matasa ke saye a nan na hannu ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka da man da aka sa musu tun daga masana'anta. Ƙurar hunturu ta zo ta toshe hakarkarin da iska ke fita, bazara ta biyo baya.

Wajen zaɓi, kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗi mai saye, domin kowane kamfani da yadda yake aunawa. Arctic MX-4 da Noctua NT-H1 sanannu ne, ba sa ɗaukar lantarki, don haka ko sun ɗan zubo ba sa lalata allo. Tazarar da ke tsakanin nagartattun mayuka 'yan digirori ne kawai. Babbar tazara tana tsakaninsu da marar suna da ake ɗurawa a ƙaton sirinji, ko jabu mai ɗauke da sunan na gaske. Mai kauri ya fi dacewa da tafi-da-gidanka, saboda furosesarta ba ta da murfi, kuma ɗumama da hucewar kullum na tura mai ruwa-ruwa gefe cikin 'yan watanni. Akwai kuma ruwan ƙarfe na sinadarin galiyam, wanda Sony ta sa a PlayStation 5 a 2020. Ya fi kowanne isar da zafi, amma yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a kan allo kuma na iya kashe na'urar. A bar wa gwanaye. Man goge baki da wasu ke shafawa kuwa bushewa yake yi cikin kwanaki.

Shafawar ta fi sunan man muhimmanci. A kashe kwamfuta, a cire caja, a zare igiyar batir. A kwance sukurorin farantin bisa lambobin da ke jikinsa, a ɗaga shi a hankali. A goge tsohon man daga ɓangarorin biyu da sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, da ƙyalle marar gashi, a bari ya bushe. Kwamfutar tebur na buƙatar ɗigo kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya; tafi-da-gidanka kuwa kamar ƙwayar shinkafa, a baza shi siriri ya rufe fuskar baki ɗaya. A mayar da farantin sau ɗaya, a ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta. In an sake ɗagawa, iska ta shiga, sai a goge a sake. Kafin a rufe a share fanka da hakarkarinta, in ba haka ba sabon man ba zai yi wani tasiri ba.

Ga mazauna Tsafe da Bungudu, kai na'ura gyara Gusau na nufin kuɗin mota da hawa hanyar da matsalar tsaro ta sa ake lissafi kafin a bi ta. Gara a fara tabbatar da ciwon. Manhajojin HWMonitor da Core Temp kyauta ne, suna nuna zafin furosesa. Idan ta haura digiri 90 alhali aikin ba mai nauyi ba ne, lokaci ya yi. Wanda ya kai wa mai gyara ya nemi ganin bututun man da za a sa, ya kuma duba ma'aunin a gabansa kafin aiki da bayansa.