Kufan Kasuwannin Hanyar Gwanja: Daga Mashigar Illo Zuwa Salaga

Kufai a Hausa shi ne wurin da mutane suka taɓa zama sa'an nan suka tashi suka bar shi, kuma kasuwa ma takan zama kufai idan masu saye da sayarwa suka juya mata baya. A Amurka an ga haka a manyan rukunan kantuna masu rufi ɗaya, irin su Rolling Acres na birnin Akron a jihar Ohayo, wanda aka buɗe a 1975, aka rufe a 2008, ya yi shekaru ruwan sama yana zuba a cikinsa kafin a rushe shi. Ƙasar Hausa da maƙwabtanta suna da nasu kufan kasuwanci da suka girme wannan nesa ba kusa ba, kuma mutanen Kende da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi suna zaune ne a bakin ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da suka haifar da su.

Hanyar ita ce ta Gwanja, wadda fatake suka riƙa bi a ƙarni na 18 da na 19 domin sayo goro daga dazuzzukan Asante da ke cikin Gana ta yau. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina, ya biyo ta Sakkwato ko ta Jega, wadda ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu bayan jihadi, sa'an nan ya gangaro kogin Kwara ya ƙetare ta wajen Illo da tashar jiragenta ta Giris, ko ta Gaya, ko kuma ta Yawuri da Busa a kudu. Daga nan sai ƙasar Bargu, inda garuruwa irin su Kandi da Nikki da Jugu, waɗanda yanzu suke cikin jamhuriyar Benin, suke karɓar baƙi, kafin a wuce Sansanin Mango da Yandi a isa Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar takan ci watanni, shi ya sa ake fara ta bayan ɗaukewar damina, lokacin da rafuka suka janye.

Ayarin yana da tsari irin na gari mai tafiya. Madugu shi ne shugaba, shi yake sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, wato abin da ake biya kafin a ƙetare ruwa ko a ratsa ƙasar wani. Jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki yana kula da tara kuɗin da rarraba su, malamin ayari kuma yana riƙe da lissafi da addu'a. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci. Baturen Ingila Kilafaton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja da mutane wajen dubu da dabbobin kaya masu yawa kamar haka. Duk inda ayari ya saba yada zango, wato wurin saukar matafiya a bayan gari, sai kasuwa ta tsiro, domin dole a sayi hatsi da ciyawa da itace, a kuma kwance huhun goro a fitar da ruɓaɓɓe, a sake ganye a yayyafa ruwa, tun da goro ba ya jure bushewa.

Salaga ce ƙarshen tafiya, kuma ita ce babbar kasuwar da ta haɗa daji da sarari. Fatake suna kai kanwa da baƙaƙen tufafin Kano da jemammun fatu da dabbobi da gabu, wato busasshen ganyen albasa, suna sauka wurin masu gida waɗanda suke ba su masauki da rumbun ajiya, su kuma haɗa su da dillalai. Tarihi na gaskiya ba zai ɓoye cewa ana sayar da bayi a wannan kasuwa ba, kuma rijiyoyi masu ɗimbin yawa da har yanzu ake gani a garin shaida ne na yawan bakunan da ake shayarwa, 'ya'ya da bayi da dabbobi.

Faɗuwarta ta zo ne daki-daki. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Gwanja ya karye, Asantawa kuma suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa kan sarauta ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka watse, da yawansu suka koma Kete-Karachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a can a 1934. A ɓangaren Kwara kuwa, bayan rige-rigen da Baturen Ingila Lugga ya yi da Faransawa zuwa Nikki a 1894, yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta raba Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, sai ga iyaka da jami'an kwastan a tsakiyar hanyar da ba ta san su ba. Abin da ya ƙarasa hanyar shi ne isowar layin dogo Kano a 1911, domin goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can ya hau jirgin ƙasa, daga baya kuma manoman ƙasar Yarbawa suka shuka irin goron Gwanja da kansu. Alhasan Ɗantata, wanda ya yi fataucin Gwanja a ƙuruciyarsa, yana cikin waɗanda suka gane sauyin da wuri, ya rungumi hanyar teku sa'an nan ya shiga cinikin gyaɗa.

Illo da Jega da Salaga duk suna nan da mutanensu, amma ayarin da ya ɗaukaka sunansu ya daina zuwa, kuma tsofaffin zangunan da ke tsakaninsu ginin ƙasa ne da rumfunan kara, waɗanda damina kaɗan take isa ta mayar da su tudu. Mai neman irin wannan wuri yakan gane shi da tsofaffin kukoki da tsamiyoyi a tsakiyar gona, da rijiyoyin da suka cushe, da fasassun tukwane, da wuri, wato ƙwanson da aka yi amfani da shi a matsayin kuɗi, wanda garma take tonowa. Wasu ma ba sa ganuwa ko kaɗan, domin tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, tsohuwar Kete-Karachi kuma tafkin Bolta ya cinye ta a shekarun 1960.

Mutanen Bagudo sun ɗanɗana wannan darasi da kansu a watan Agusta na 2019, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, zirga-zirgar kaya ta tsaya a mashigai irin su Tsamiya da Lolo, masu masauki da 'yan dako da masu sayar da abinci suka ga yadda ciniki yake bin hanya duk inda ta karkata. Abin da ya rage na tarihin ayari a wannan yanki yana cikin sunayen unguwanni da gonaki, da kuma bakin dattawan Illo da Kende da Ka'oje waɗanda suka ji daga kakanninsu inda aka yi fito da inda aka yi zango. Jami'o'in jihar Kebbi da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa suna da damar naɗar wannan bayani da auna waɗannan wurare tun masu nuna su da yatsa suna raye, domin bayan su manomi ne kaɗai zai riƙa tsintar wuri a kunyarsa ba tare da sanin kasuwar da ya fito ba.