Fosfet a Bakin Ƙwaya Ko Ubikwitin a Cikinta? Sake Duba Dalilin Hayayyafar Tsokar Jijiyar Jini

Tsakure

Ƙwayoyin tsokar da ke bangon jijiyar jini ba su cika rabuwa ba sai bangon ya ji rauni, a nan ne suke hayayyafa har su matse hanyar jini. Wannan maƙala tana ganin cewa matakin da ke yanke hukunci shi ne lalata furotin p27.

Waiwaye

Tun da Russell Ross da abokan aikinsa na Jami'ar Washington suka nuna a 1974 cewa ƙwayoyin daskarar da jini suna sakin sinadarin da aka sa wa suna PDGF, hankalin masana ya tattara kan furotin da ke karɓarsa a fatar ƙwaya. Da zarar PDGF ya sauka, sai makarɓin ya liƙa wa kansa fosfet, saƙo ya bi ta ERK ya kai cibiyar ƙwaya. Babu mai musun wannan. Sai dai maganin imatinib yana hana wannan liƙi, amma da aka ba shi ga majinyatan da jijiyar zuciyarsu ta sake toshewa bayan sa ragar ƙarfe, rahoton 2005 ya nuna bai hana toshewar dawowa ba. Masu ra'ayin cewa a bakin ƙwaya ake yanke hukunci sukan tsallake wannan sakamako.

Hanyar Bincike

An kwatanta ayyukan da aka riga aka wallafa, aka fifita abin da ya tabbata a jikin majinyata.

Sakamako

Aikin p27 shi ne riƙe inzayim ɗin CDK2, birki ne da ke hana ƙwaya shiga kwafar DNA. Idan CDK2 ya haɗu da sayikilin E ya samu ɗan sarari, sai ya liƙa wa p27 fosfet a kan tiriyonin na 187. Wannan tabo kaɗai furotin Skp2 ke jira. Yana ganinsa sai a rataya wa p27 sarƙar ubikwitin, purotiyasom ya daddatsa shi. Raguwar p27 kuwa tana ƙara sakin CDK2, shi kuma ya ƙara yi wa sauran tabo. Abin lura a nan: fosfet ɗin da ke kan makarɓi ana cire shi cikin mintuna, amma furotin da aka daddatsa sai dai a ƙera sabo.

Maganin rapamisin yana toshe furotin mTOR, p27 ya tsira, ƙwaya ta tsaya a zangon G1. A 1995 ɗakin binciken Andrew Marks ya nuna yana tsayar da rabuwar ƙwayoyin tsokar jijiyar jini. A gwajin RAVEL na 2002, mai majinyata 238, babu ko ɗaya cikin masu ragar da aka shafa wa maganin da jijiyarsa ta sake toshewa bayan wata shida, alhali kashi 26.6 cikin ɗari na masu raga zalla sun toshe.

Iyakokin Bincike

Gaskiya ne rapamisin ya rage kaurin bango har a ɓerayen da aka cire wa p27, domin mTOR yana kuma sarrafa ƙera furotin ta hanyar S6K. Haka nan jijiyar ɓera mai lafiya ba ɗaya take da ta dattijo mai ciwon suga ba. Sakamakon ɓerayen ya nuna p27 yana da abokan aiki, bai mayar da hukunci bakin ƙwaya ba. A 2003 Amurka ta amince da raga mai rapamisin, imatinib kuwa har yau ba a ba da shi don hana wannan toshewa.