Keken Gangaren Dutse: Tarihinsa da Zumuncinsa da Dokin Ƙarfen Ƙasar Katsina

Keken gangaren dutse keke ne da aka ƙera don aiki guda tak: saukowa daga kan tsauni a guje, ta kan duwatsu da saiwoyi da kwazazzabai, a tseren da kowane mahayi ke sauka shi kaɗai ana auna shi da agogo. Mafi tsada a cikinsu ana yin jikinsa da zaren kabon. Yana da shokozoba gaba da baya, kowace na iya nutsewa kimanin milimita 200, wato kusan taƙi guda, ga kuma birkin faifai mai aiki da mai irin na mota. Nauyinsa kan kai kilo 15 zuwa 18. Ba a hawa tudu da shi. Mota ce ke kai shi ƙololuwa, ko kujerun nan masu tafiya a kan waya, sannan mai shi ya hau ya gangaro.

Asali

Keke kansa ya girmi wannan wasa nesa ba kusa ba. A 1817 Bajamushe Karl von Drais ya yi wani na katako marar feda, wanda ake turawa da ƙafa. Faransawa suka sa masa feda a shekarun 1860. A 1885 John Kemp Starley na Coventry a Ingila ya fito da Rover, mai ƙafafu biyu kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya ta baya, siffar da muke hawa har gobe. Bayan shekara uku John Boyd Dunlop ya kawo tayar iska.

Tseren gangara na zamani kuwa ya samo tushe ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka. A shekarun 1970 wasu samari suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930, masu nauyin tsiya da faffaɗar taya, suna gangarowa da su daga tsaunukan da ke kewaye da Tamalpais. Ranar 21 ga Oktoban 1976 suka yi tseren farko da agogo a wata hanyar burji kusa da garin Fairfax, mai tsawon kilomita 3 da ɗoriya, wadda ke sauka kimanin mita 400. Birkin kekunan na cikin cibiyar ƙafar baya ne, irin wanda ake taka feda baya ya kama. Kafin a kai ƙasa ya yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone ya zama hayaƙi, dole a kwance a sake ɗura wani. Daga nan tseren ya sami sunansa, Repack, ma'ana sake ɗuri. Gary Fisher ne ya kafa tarihin sauka mafi sauri, minti 4 da daƙiƙa 22.

Da tsofaffin ƙarafan suka riƙa karyewa, sai Joe Breeze ya ƙera sabo musamman don daji a 1977. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, wanda ya kai keken dutse shaguna da yawa. Sauran ci gaban daga wurin masu babur aka aro shi: Paul Turner, makanikin baburan tsere, ya fito da shokozobar gaba ta RockShox a 1989. A 1990 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta keken dutse a Durango ta jihar Kolorado, inda Greg Herbold ya ci gangarar maza. Daga nan Faransawa suka riƙe wuta: Nicolas Vouilloz ya ɗauki kambin manya sau 7, Anne-Caroline Chausson ta ɗauki na mata sau 9. Har yau gangara ba ta shiga wasannin Olamfik ba, ko da yake 'yar'uwarta, tseren ƙetare daji, ta shiga tun 1996.

Afirka ma tana da zakara. Greg Minnaar, ɗan Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, ya zama gwarzon duniya a 2003, 2012, 2013 da 2021. Na 2013 a garinsu ya ci shi, gaban 'yan'uwa da maƙwabta. Na ƙarshe kuma yana da shekara 39, lokacin da yawancin sa'o'insa sun ajiye hula.

Zuwan kabon

Da ƙarfe aka fara, aka koma alminiyon, sannan wajen 2010 manyan kamfanoni irin su Santa Cruz, mai keken V10 da Minnaar ya daɗe yana hawa, suka rungumi kabon. Zare ne baƙi, ya fi gashin kai siranta. Ana jera shi falle-falle, a jiƙa da wani danƙo, a shimfiɗa cikin mazubi da hannu, a gasa. Gwanintar tana wajen shimfiɗar: inda ake son tauri a ƙara falle, inda ake son ɗan lanƙwasa a sauya wa zaren fuska. Yawancin wannan aiki a Taiwan da Sin ake yinsa, ko da sunan da ke jikin keken na Amurka ne ko na Turai. Cikakken keke yakan kama daga dala 5,000 zuwa sama da 10,000.

Aibinsa shi ne ba ya lotsawa ya yi gargaɗi kamar ƙarfe. Yana iya tsagewa ta ciki fenti na nan lumui, sai ranar da ya ɓalle. Kuma ba ya shan walda.

A Dutsin-Ma da Kurfi

Wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi ya san ƙasar ba ta rasa duwatsu ba. Sunan Dutsin-Ma ma daga dutse ya fito. Sai dai wasan gangara bai kafu a nan ba, kuma tarihin keke a wannan yanki tarihin neman abinci ne. Tun zamanin Turawa Rali, wato Raleigh na Nottingham, ya zama abin hawan malamin makaranta da malamin gona da ɗan saƙon hakimi. Manomin da gyaɗa ko auduga ta yi wa kyau, keke da rediyo yake fara saye. Kasuwar ta yi ƙarfin da kamfanin ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano. Daga baya Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi.

Abin lura, wannan baƙin keke mai sanda ɗan ɗaki ɗaya ne da waɗanda samarin Marin suka fara gangara da su: ƙarfe mai nauyi, giya ɗaya, ba shokozoba. Su suka bi hanyar gudu, mu muka bi ta kaya. A nan darajar keke tana ga kariyarsa. Maƙeri kan ƙara mata rodi ta ɗauki buhun gero, ko jarkoki huɗu na ruwa, ko kwandon tumatirin 'yan noman rani na bakin madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Yaro kuma da keken haya yake koyo, ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda, ƙugu a karkace, don bai isa sirdi ba.

Babban abokin gabar wannan keke tsidau ne, maganinsa kuma mai faci. Zai zare tub, ya ɗan hura, ya bi da shi cikin ruwan kwano har kumfa ta tona asirin hujin. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna, ya bubbuga da guduma. Idan sanda ce ta karye, mai walda na nan kusa. Keken da za a gyara a gindin bishiya da kuɗin kwanon shinkafa, shi ne ya dace da mutumin Birchi ko Wurma, kuma a wannan ma'auni na kabon ɗin ya faɗi warwas.

Baburan Sin da na Indiya sun ture keke gefe tun shekarun 2000, amma bai mutu ba. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ya ƙara wa garin matasa, kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa mutane da dama kakkaɓe kekunan da suka jingine. Abin da ya fi kusa da keken gangara a kasuwanninmu shi ne ɗan gwanjo mai giya da ƙatuwar taya, wani har da sifirin a tsakiya. Yawancinsu kamanni kawai suka ara. Wanda ya gangaro da irinsu daga kan dutse, sai dai a tara masa kuɗin ɗori.

Ko a matakin ƙasa, kayan tsere ne ke yi wa Najeriya tarnaƙi. Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar ƙasar a tseren keke na Olamfik, a Faris a 2024, ta shiga tseren cikin zaure ne da keken da tawagar Jamus ta ara mata.